Zaman Banza Da Neman Halali: Darasi Daga Bakin Iyakar Illela

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan rashin aikin yi ne, da abin da ya wajaba a kanmu game da shi.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki a Nijeriya ba su da aikin yi. A farkon 2023 kuwa sai adadin ya koma kashi 4.1. Kada mai karatu ya zaci ayyuka ne suka yawaita. Ma'aunin aka sake, watau wanda ya yi aikin sa'a ɗaya rak a mako yanzu ana lissafa shi cikin masu aiki. Lissafin kuma ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba na ofis ko kamfani suke yi ba, noma ne da kiwo da ƙananan sana'o'i.

Mutanen Tozai da sauran garuruwan ƙasar Illela sun ga wannan da idonsu. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangare. Duk ranar da hanyar Ƙonni ta tsaya, ɗan dako da direba da dillalin shanu da mai tuwo sukan rasa na cefane. Daga nan ne Shaiɗan kan buɗe wa samari ƙofar fasa-ƙwauri da sata da shaye-shaye.

To, me Musulunci ya koyar? Na farko, babu ƙasƙanci a sana'ar halal. Annabi Dawuda, Alaihis Salam, daga aikin hannunsa yake ci, Manzon Allah kuma ya yi kiwo ya yi fatauci. Da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina a 622, an yi masa tayin dukiya bai karɓa ba, kasuwa ya nemi a nuna masa. Na biyu, mai hali ya ba da jari, domin zakkar da ta saya wa saurayi keken ɗinki ko injin ban-ruwa ta fi wadda za a cinye a kwana uku. Na uku, nauyi yana kan shugabanni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya sanya kula da masu sana'a da raya kasuwanni cikin haƙƙin talakawa a kan mai mulki, a littafinsa Usulus Siyasa.

Saboda haka, ya kai saurayi, kada takardar makaranta ta hana ka riƙe fartanya a fadamar albasa kafin aikin ofis ya samu. Ku kuma iyaye, ku haɗa wa yaro karatu da sana'a tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tawakkali na gaskiya shi ne ka fita nema, sannan ka dogara ga Allah.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram, amin.