Turancin da ke Jikin Kwalin Magani

Yawancin magungunan da ake sayarwa a kemis a Najeriya, da Turanci aka rubuta bayaninsu. Ba sai ka iya Turanci sosai ba kafin ka gane shi. Kalmomi kaɗan ne suke ta maimaituwa, su za mu koya yau.

Fara neman haruffa uku: EXP. An gutsuro su ne daga kalmar expiry, wato cikar wa'adi. Idan ka ga EXP 03/2027, lambar farko wata ce, ta biyu shekara, watan Maris na 2027 ke nan. Da wannan wata ya wuce, kada a sha. Kusa da shi za ka ga MFG ko MFD, lokacin da aka haɗa maganin. Kada ka rikita su. Duba kuma lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna.

Sai yawan sha. Daily na nufin kullum. Once sau ɗaya, twice sau biyu. Daga uku kuwa sai Bature ya koma ƙirge, ya ce three times. Saboda haka twice daily sau biyu ne a rana. Before meals kafin cin abinci, after meals bayan an ci.

Ga inda aka fi shiga hatsari, musamman a maganin ruwa na yara. Akwai teaspoon, akwai tablespoon. Dukansu da harafin t suka fara, da spoon suka ƙare, ma'anarsa cokali. Amma teaspoon ƙaramin cokalin shayi ne mai cin mililita 5, tablespoon kuwa babba ne mai cin 15. Uwar da ta ɗauki babban a maimakon ƙaramin ta ba ɗanta ninki uku na abin da likita ya rubuta. Cokulan gida ma ba girmansu ɗaya ba. Ya fi kyau a yi amfani da ɗan kofin awon da ke zuwa da kwalbar, a tsaya daidai kan layin 5 ml ko 10 ml, yadda aka umarta.

Idan aka rubuta for external use only, na shafawa ne. Ko kusa kada ya shiga baki.

Aikin gida: ɗauko kwalin magani ɗaya, ka kwafi abin da ke gaban EXP a littafinka, ka zo ka karanta wa malam watan da shekarar da Hausa.