Ba Haƙori Ba Ne, Tamowa Ce

Daren Alhamis ɗin da ta wuce ni ce a bakin aiki a ɗakin yara masu tamowa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ana tsuga ruwa, sai ga wata tsohuwa da surukarta sun shigo jiƙe sharkaf. Tsohuwar ce ke saɓe da yaron, an naɗe shi da zani biyu. Uwar kuwa, yarinya ce da ba za ta haura shekara ashirin ba, tana biye da tsohon ciki, ko uffan ba ta cewa.

Na kwance zanin. Watansa 17. Ƙafafu sun kumbura suntum har gwiwa, fuska ta cika ta rufe ido. Na danna babban yatsana a bayan ƙafarsa, na ɗaga, ramin ya zauna daram. Gashin kansa ya yi ja, kana shafawa yana biyo hannunka, fatar cinyoyinsa tana saluɓewa kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Jiki sanyi ƙalau. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali numfashinsa ne, sama-sama, da sauri. Sai idona ya faɗa kan filasta a bayan hannunsa.

"Iya, wa ya sa masa ruwa?"

"Yaron nan mai kyamis na bakin kasuwa ne, 'yar nan. Leda biyu ya ɗura masa tun la'asar. Ya ce gudawa ta tsotse shi."

Leda biyu, a jikin yaro mai kumburi! Mu da muke da kayan aiki sai mun yi dogon lissafi kafin mu ɗaura wa irin wannan yaro ruwa, domin zuciyarsa ta riga ta raunana, ba ta iya ɗaukar nauyin. Shi kuwa wannan bawan Allah ya rataya leda a ƙusa, ya buɗe ta tana zuba, ya karɓi kuɗinsa. Da ya ga numfashi ya canza, sai ya zare allura ya ce a garzaya asibiti. Kullum haka suke yi mana.

Muka sa masa iskar oksijin, muka ɗumama shi, muka duba sukarinsa, likita ya zo ya yi abin da zai iya. Muna cikin haka nake jan tsohuwar da hira, labarin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan.

Yana da shekara guda aka gane uwar ta yi rurrutsa. A ranar aka cire shi daga nono, wai nonon ciki guba ne, aka kai shi yaye wurin kakarsa. Tun daga nan abincinsa koko, safe da rana da dare, kokon ma tsararo wanda ake iya ɗura masa. Idan an yi tuwo a lakato masa loma biyu. Da gudawa ta kama shi aka ce haƙori ne. Da ya ƙi cin abinci aka ce beli ne, aka kira wanzami ya yanke, ya kwana uku ko ruwa ba ya iya haɗiya. Da ƙafa ta fara kumbura, wallahi da bakinta ta gaya mini, murna suka yi, sun ɗauka ƙiba ce ta zo.

Uwar ce ta laluba jakarta ta miƙo mini wani kati da ya jiƙe. Ashe wata biyu da suka wuce ma'aikatan sa-kai sun auna dantsensa, awon ya faɗa ja, an rubuta shi, an ba shi abincin tamowa na mako guda. Zuwa ɗaya suka yi. Na tambaye ta ko ya cinye. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, yaran gidan da yawa, kowa sai da ya lasa. Sauran kuma an sayar."

Ana kiran assalatu Allah ya karɓi abinsa. Allah ya sa mai ceto ne.

Da hantsi uban ya iso. Na yi masa ta'aziyya, na tambaye shi sana'arsa. Manomi ne, yana da waken suya da gyaɗa, yana kiwon zabi. Yanzu damina ce, zabi na ƙwai, duk ranar kasuwa sai ya kai kwando. Na ce, "Malam, ko sau ɗaya an taɓa dafa wa yaron nan ƙwai?" Ya dube ni da mamaki na gaskiya ya ce ai ba a ba yaro ƙwai, ɓarawo yake zama. Sai da na fita waje na share hawaye.

Kada wani ya ce ban san talauci ba. Ina ganinsa kullum. Akwai matan da suka gudo daga ƙauyukan Jibiya da Batsari, 'yan bindiga sun hana noma, uwar kanta ta kwana biyu ba ta ci ba. Waɗannan sai hukuma da masu hali su ji tsoron Allah a kansu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025, kuma ta ce da yawansu an kawo su a makare. Amma wannan yaron abincinsa na cikin gidansu. Jahilci da jinkiri da mai kyamis ne suka taru a kansa.

Kumburin ƙafa biyu a jikin ƙaramin yaro ba ƙiba ba ce. Haƙori ba ya sa gudawar mako biyu. Koko tsararo ba abinci ba ne.

Kuma ciki ba ya lalata nono. Na faɗa, zan sake faɗa, domin wannan magana ta cika mana gadaje: mace mai ciki za ta iya ci gaba da shayarwa, abin da take bukata a ƙara mata abinci. Shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata mun san ta, me ya sa muke cire yaro rana ɗaya mu raba shi da uwarsa a lokacin da ya fi bukatarta? Idan yayen ya zama dole a yi shi sannu-sannu.

Tun ranar haihuwa ma ake fara kuskuren. A matse dakashi a zubar wai datti ne, alhali shi ne rigakafin farko. A ɗura wa jariri ruwa wai zafi ake yi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake ba nono zalla a Najeriya, kuma kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Wata shida, nono kaɗai, ko ruwa babu. Bayan nan a fara abinci, ba a daina nono ba.

Kunun ya yi kauri har ya tsaya a cokali. A soya waken suya da gyaɗa a niƙa da gero, a zuba ɗan manja ko man gyaɗa, a murmusa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, a sa garin zogale. Ƙwai, ƙwai, ƙwai, ko na kaza ko na zabo. A ware masa kwanonsa, domin idan aka haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma ɗaya sun suɗe. A wanke hannu. A kai shi rigakafin ƙyanda.

Ku kuma masu sayar da abincin tamowa a kasuwa, da ƙartin da ke saye suna shafawa a burodi, magani ne kuke ci. Kowace leda an lissafa ta ne da nauyin wani yaro. Masu kyamis, don girman Allah, yaron da ya rame ko ya kumbura ku daina ɗaura masa ruwa, ku daina ba shi ƙwayar sa ƙiba. Ku turo shi yana da sauran ƙarfi. Wanzamai kuwa na gaji da maganarsu.

Uwar yaron nan saura wata biyu ta haihu, kuma gidan da ta fito za ta koma. Na roƙi mijin ya kawo ta awo, ya ce in sha Allahu. Iyaye maza, ku nake roƙo musamman, tunda kuɗin cefane da izinin fita duk a hannunku suke: yau da daddare kowa ya ɗauki ƙaramin ɗansa, ya danna bayan ƙafafunsa na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna, kada a jira ranar kasuwa, a kawo mana shi a daren.