Darasin Lafiya: Yarinyar da Ƙafarta Ke Murɗewa da Yamma



Ya ke 'yar uwa musulma, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaran da ake yi wa kallon masu ƙiwa ko shafar iska, alhali ciwo ne a jikinsu.

Yarinya ce 'yar shekara 6 ko 7. Da safe ta tafi boko garau. Da la'asar kuwa sai ƙafa ta fara murɗewa ciki, tana tafiya a kan yatsu tana tuntuɓe. In ta yi barci ta tashi, sai ki ga kamar ba ita ba. Nan fa za a ce ai gudun Islamiyya take yi, wasu su ce sammun kishiya ne.

Wani likitan yara a ƙasar Japan, Masaya Segawa, shi ne ya lura da irin waɗannan yara, ya yi cikakken bayanin ciwon a 1976, har ake kiransa ciwon Segawa. A 1994 masu bincike, a Japan ɗin dai, suka gano tushensa: tangarɗa ce a wata ƙwayar gado mai suna GCH1. Aikin wannan ƙwaya shi ne taimaka wa ƙwaƙwalwa ta haɗa sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin gaɓoɓi. In ta samu matsala sai sinadarin ya yi kaɗan. Ɗan abin da aka tara lokacin barci kan yi ƙasa kafin yamma, shi ya sa ciwon ke tsananta a lokacin.

Ga abubuwa uku da za ki riƙe:

1. Ciwon ya fi bayyana ga 'ya'ya mata. Yawanci daga mahaifi ɗaya ake gadonsa, uwa ko uba, kuma mai ɗauke da ƙwayar yana iya rayuwa ba wata alama. Don haka ba dalilin ɗora wa uwa laifi.

2. Sau da yawa ana ɗaukarsa galahanga ne, a zauna shekaru ba magani. Alhali ɗan ƙaramin awo na maganin lebodofa kan mayar da yarinya tafiya daidai, muddin tana sha. Amma fa likita ne kaɗai zai rubuta shi. Kada ki saya a kemis da kanki.

3. Ba kowace murɗewa ko rawar jiki ce ciwon Segawa ba. Akwai ciwon Wilson, da aka gano ƙwayarsa a 1993, inda sinadarin tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Shi sai an gada daga uwa da uba duka, don haka ya fi aukuwa a auren zumunci. Shi ma yana da magani in an gane da wuri.

'Yar uwa, mu malaman Islamiyya da yamma muke karɓar yara, mu ne za mu fi ganin alamar. Kafin ki ɗaga bulala, tambayi uwar yadda yarinyar take da safe. Ke kuma uwa, ɗauki bidiyon tafiyarta safe da yamma a waya, ki binciko ko an taɓa yin irinsa a dangi, ki kai wa likitan yara a babban asibiti.

Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. 'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.