GYARAN INJIN BAN RUWA: WANE NOTI ZA A MAYAR, WANE ZA A CANJA?

Manomi, kafin noman rani ya kama, mai yiwuwa ka kai injinka wurin makaniki a sauke shi, a sa sabon fistin da ringi. To, kada ka ba da inji ka juya baya. Tsaya ka duba notocin da za a mayar.

Waɗanda za a iya mayarwa

Notocin murfi, da na tankin mai, da na gindin inji ba su ɗaukar wani nauyi. In babu tsatsa, zarensu kuma bai ci ba, a wanke su da kananzir a mayar.

Waɗanda ake yi wa hattara

Notocin kan silinda da na sandar fistin su ne ke shan wuta da jijjiga. Ga yadda za ka gwada su:

1. Jera tsoho da sabo. In tsohon ya fi tsawo, ko ya rame a tsakiya, ya miƙe ke nan. A yar da shi.
2. Murɗa shi da yatsu cikin raminsa. In ya cije a hanya, zaren ya lalace.
3. Dubi lambar da ke kansa. In 10.9 aka cire, kada a sa 8.8 ko 4.8, ƙarfinsu bai kai ba. Araha ba ta ado.

A wasu injunan mota da na tarakta na zamani akwai notocin kan silinda da ake ɗaurawa sau ɗaya tak. Littafin injin zai gaya maka.

Waɗanda ba a mayarwa sam

Gasket, da fil mai baki biyu, da wosha mai kulle noti. Kullum sababbi.

Wajen ɗaurawa

A share mai da ruwa daga cikin ramin. A ɗaura notocin kan silinda kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi ta kusurwa, da sufana mai awo. A injin Honda GX160, awon kan silinda 24 ne, a ma'aunin Nm.

Ka tuna: in notin sandar fistin ya tsinke inji na aiki, sandar kan fasa cikin inji. Ga tumatir da albasa na jiran ruwa, ga kuɗin sabon inji. In kana shakka, canja noti, ko ka nemi malamin gona na yankinku.