Fashin Teku Da Raunin Mulki: Darasi Ga 'Yan Kasuwa

Masana tattalin arziki na ɗaukar fashin teku a matsayin sana'a mai jari da riba. Wannan sana'a na bunƙasa ne idan abubuwa uku suka haɗu: jiragen ruwa masu ɗauke da dukiya, matasa marasa aikin yi, da kuma gaɓar tekun da hukuma ba ta da iko da ita. Na ukun shi ne ginshiƙi, domin sai ɗan fashi ya sami maɓoya a kan tudu sannan zai iya tsare jirgi har a biya kuɗin fansa.

Ƙasar Somaliya ta tabbatar da haka. Bayan faɗuwar gwamnatin Siyad Barre a shekarar 1991, gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 3,000 ta rasa mai tsaronta. Jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suka yi ta kwasar kifi, masunta kuma suka ɗauki makamai, daga baya lamarin ya rikiɗe ya zama garkuwa da jirage. A shekarar 2008 aka kama jirgin dakon mai Sirius Star ɗauke da ganga miliyan 2. Sintirin sojojin ruwa na ƙasashen duniya da masu gadi a jirage ne suka rage hare-haren bayan 2011.

A Mashigin Tekun Gini kuwa, gwamnatoci na nan, sai dai ikonsu bai ratsa lungunan Neja Delta ba, inda satar ɗanyen mai da yaɗuwar makamai suka samu gindin zama. Cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya a shekarar 2020, an sace 130 a wannan yanki. Nijeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin Deep Blue a 2021, kotuna kuma suka fara ɗaure masu laifi. Daga nan hare-haren suka ragu ƙwarai.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, duk lokacin da haɗari ya ƙaru, kamfanonin inshora kan ƙara kuɗi, masu jirage su ɗora shi a kan kuɗin dako. Ƙarin da aka biya a tashar Apapa, a Kantin Kwari ake fanshe shi daga aljihun mai saye. Saboda haka wajibi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa bibiyar yadda ake aiwatar da wannan doka, kamar yadda suke bibiyar harajin kwastan.