Darasi Na 14: Yadda Kifi Ya Ƙare A Wani Teku

Teku ruwa ne mai gishiri, mai faɗin gaske. In an kasa duniya kashi 10, wajen kashi 7 duk teku ne. Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba, amma muna cin arzikinsa. Kifin ƙanƙara da a ke sayarwa a kasuwanninmu daga can ya ke fitowa. Haka kuma busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda a ke kawowa daga ƙasar Norwe.

Mutane da yawa suna tsammani kifin teku ba ya ƙarewa. To, ku saurari abin da ya faru a Kanada.

A gabashin Kanada akwai wani tsibiri, sunansa Niyufanlan. Tekun da ke gefensa ya yi suna saboda wani kifi da a ke kira kod. A 1497 wani matuƙin jirgin ruwa, Jon Kabot, ya isa wajen. Aka ba da labari cewa don yawan kifin, ko kwando ka zura sai ka ɗebo. Masunta suka yi fiye da shekara 400 suna su a wurin, kifi bai ƙare ba.

Sa'an nan aka ƙero manyan jirage masu jan taru a ƙarƙashin ruwa. Aka kuma sa musu wata na'ura mai nemo kifi. Ga yadda ta ke aiki. Kun san in mutum ya yi kira a cikin rijiya mai zurfi, muryarsa ta kan dawo masa. Wannan shi ne amsa-kuwwa. Na'urar tana aika ƙara zuwa ƙasan teku, ta jira dawowarta. A cikin ruwa ƙara tana tafiyar wajen mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya. In ta dawo bayan daƙiƙa 2, ta yi daƙiƙa ɗaya zuwa, daƙiƙa ɗaya dawowa, watau zurfin wurin mita 1,500 ke nan. In kuwa garken kifi ya gitta, sai ƙarar ta buge shi ta dawo da wuri. Ta haka matuƙi ke sanin inda kifi ya ke.

Daga nan kifi ya rasa maɓoya. A 1968 kaɗai an kama wajen tan 800,000. Ana kamawa fiye da yadda kifin ke haihuwa. Masu ƙananan jirage suka yi ta kuka, suna cewa kifin da su ke samu yana ƙanƙancewa, amma ba a saurare su da wuri ba. A watan Yuli na 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun kod a wurin. Mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. An ce hanin na shekara 2 ne, amma sai a 2024 aka sake buɗe sun kasuwanci, aka ƙayyade tan 18,000 kawai.

Ku lura, laifin ba na na'ura ba ne. Wuƙar da ta yanka nama ita ce ke yanka hannu. Da irin wannan na'ura masana ke auna yawan kifin da ya rage, su gaya wa hukuma iyakar abin da ya kamata a kama.

Mu ma muna da wannan dabara tun kaka da kakanni. A Argungu a kan hana su a wani yanki na kogin Matan Fada, sai lokacin biki. Manomi kuma ba ya cinye irinsa, ko da yunwa ta matsa.

To, mene ne namu a ciki? Ruwan Kaduna da na Sakkwato suna zuba cikin Kwara, Kwara kuma tana zuba cikin teku. Ledar da aka jefa a magudana tana iya bin wannan hanya, ba ta kuwa ruɓewa da wuri. Kunkurun teku ya kan haɗiye ta, yana tsammani abinci ce, ta kashe shi. Saboda haka kada mu zuba shara a rafi. Kada mu yi su da gidan sauro, don yana kwashe 'ya'yan kifi. Kada mu zuba guba a ruwa, don tana kashe babba da ƙarami, ta cuci mai ci.

Tambayoyi

1. Kashi nawa na duniya ne teku?
2. In ƙara ta dawo bayan daƙiƙa 4, mita nawa ne zurfin wurin?
3. Shekara nawa ne tsakanin 1992 da 2024?
4. Wace doka ce Sarkin Ruwan garinku ya ke da ita a kan su?