HAWAN DUTSEN DALA
Darasi Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce. Mutum ya tashi daga Gagarawa ya bi ta Gumel har Maigatari, ko ya nufi Sule Tankarkar, ba zai gamu da dutse mai tsawo ba, sai jigayi da fadamu. Saboda haka da yawa daga cikin malamanmu ba su taɓa ganin ƙasa daga bisa ba. Wannan kuwa rashi ne ga mai aikin zana taswirar ƙauye, ko mai rubuta iyakar gona da burtali. Akwai makarantar wannan ilmi kusa da mu, watau Dutsen Dala na birnin Kano, wanda bai wuce tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka daga Gumel ba.

Asalin Dutsen

Dala dutse ne na marmara, kansa a baje kamar faifai. Tsawonsa daga bakin teku mita 534 ne, watau ƙafa 1,753. Kada wannan lissafi ya tsorata kowa, gama birnin kansa a kan tudu yake, abin da mutum zai hau kaɗan ne daga ciki.

A gindin wannan dutse Kano ta tsiro. Masu binciken ƙasa sun tono alamun narka tama a wurin, waɗanda suka kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Tarihin Kano ya ce Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, a kan dutsen yake zaune, shi ne kuwa mai kula da tsafin Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ginin ganuwa, aka sa dutsen a cikinta. A zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo da Musulunci, al'amarin tsafi ya yi ta ja da baya.

A shekarar 1851 Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya hau Dala ya zana surar birnin daga can. A watan Maris na shekarar nan ya biyo ta Gumel a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa. Abin lura shi ne, kafin ya rubuta labarin gari sai da ya nemi wuri mai bisa ya dube shi.

Shirin Tafiya

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Haka kuma isa gindin Dala ba hawa ba ne, sai da shiri.

1. Lokaci. A hau da sassafe bayan asuba, ko da la'asar sakaliya. A guji tsakar rana, musamman a watannin Maris, Afrilu da Mayu. Ran da hazo ya sauka a fasa, domin wahala za a sha ba a ga kome ba. Mafi kyau shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ruwa ya wanke sararin sama.

2. Sutura. A ajiye babbar riga, a sa 'yar shara da takalmi mai kama ƙafa. Silifa na zamewa a kan tsakuwa.

3. Guzuri. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, da littafi da fensir.

4. Ladabi. Dala a tsakiyar unguwanni take. A gai da mai unguwa da masu tsaron wurin, a nemi ɗan gari ya yi jagora.

Yadda Ake Hawa

An yi wa dutsen matakala 101 daga ƙasa har bisa. A bi su, kada a yanke ta gefe, gama marmara tana marmashewa, ƙafa kuma tana ƙara zaizaye ta. Dattijo ya shige gaba, domin tafiyar ta zama daidai da ƙarfinsa. Mai ƙarfin jiki ya tsaya a ƙarshen layi, kada a bar kowa a baya. Bayan kowane taki talatin a tsaya a numfasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya ji jiri, ko ƙirjinsa ya ɗaure, ya zauna nan take, kada kunya ta sa ya cije. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya shawarci likita tun daga gida. A sani kuma saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin gwiwa ta gaji, hankali kuma ya koma gida.

Abin da Za a Duba

In an kai bisa, a fara gane gabas da yamma. Wajen yamma ga Goron Dutse, ɗan'uwan Dala. Kudu maso gabas ga Kasuwar Kurmi, bayanta Babban Masallaci da Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina. Wajen arewa filin jirgin sama ne.

To, nan aikin malami ya fara. Ya zauna ya sa alamar arewa a kan takardarsa, ya ɗiga inda yake a tsakiya, sa'an nan ya zana manyan hanyoyi, da kududdufai, da abin da ya saura na ganuwa. Ya lura da yadda gidaje suka matso har gindin dutsen, da inda ɗibar ƙasa da ruwan sama suka ci gefensa. Daga ƙasa mutum ba ya ganin irin wannan ɓarna, domin kowa taki ɗaya ya ci. Daga bisa kuwa sai ta fito fili.

Amfaninsa a Gida

Haka burtali yake mutuwa a ƙasarmu. Wannan ya ƙara kunya ɗaya bana, wancan ya ƙara biyu baɗi, har shanun da ke nufin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis su rasa hanya su faɗa gona. Daga nan sai rigima, wani lokaci har da jini, ƙara kuma ta zo zauren hakimi ba takardar da za a duba.

Don haka muna roƙon hakimai, Allah ya ja zamaninku, kowa ya tura malaminsa ya hau Dala ko da sau ɗaya. In ya komo, ya nemi jigawa mafi tsawo a kowane ƙauye, ya hau tare da dagaci da ardo da dattawan manoma bayan an cire amfanin gona. Su nuna masa burtali da rijiyoyi da makiyaya da maƙabarta, ya zana a gabansu, ya rubuta kwanan wata, su sa hannu. A ajiye ɗaya a ofishin hakimi, a aika da ɗaya ƙaramar hukuma. Baɗi war haka a sake hawa a gwada.

Tambayoyi

1. Don me ba a hawa Dala ranar hazo?
2. Wa ke shiga gaba, wa ke tsayawa a baya, kuma don me?
3. Wace jigawa ce ta fi tsawo a gundumarka, me kuma ake hangowa daga kanta?